Injiniyoyin da suka duba mana bene a unguwar Avcılar ta Istanbul, ga yadda ta kaya

Tun girgizar ƙasar Istanbul ta 23 ga Afrilu 2025 ɗin nan mai maki 6.2 hankalina ya ƙi kwanciya, ranar a mota muka kwana ni da iyali. Benen da muke haya hawa biyar ne kuma kafin 1999 aka gina shi, duk wanda ya daɗe a Avcılar zai gaya maka yadda unguwar ta ji jiki a girgizar Izmit ta 1999 duk da nisan da ke tsakani, saboda ƙasar wajen mai taushi ce tana ƙara wa girgiza ƙarfi. To da kyar dai masu gidajen suka haɗa kuɗi aka kira wani kamfanin injiniyoyi, ni ma na sa nawa a ciki don ƴaƴana ne ke kwana a nan.

Gaskiya sun burge ni. Babban nasu ya buɗe taswirar AFAD, hukumar kula da bala'o'i ta Turkiyya, a kwamfuta ya nuna mana tsagar ƙasar Arewacin Anatoliya da ta bi ta ƙarƙashin tekun Marmara kudu da mu, ɓangaren da rabon shi da babbar girgiza tun 1766, amma ya ce kada mu tsaya kallon kilomita nawa ne tsakaninmu da ita, irin ƙasar da gini ke kai da ingancin kankaren su ne magana. Daga nan suka sauka ƙasan bene, suka bi ginshiƙai da na'ura mai gano rodi, suka huda suka ciro kankare kamar gwangwanin madara, karot suke ce masa. Wallahi da idona na ga ɓawon katantanwa a ciki, wato da yashin teku aka yi ginin, gishirinsa ya cinye rodin duk tsatsa, kuma rodin ma irin na da ne, sumul mara zane. Sai da jikina ya yi sanyi.

Inda suka ɓata min rai, sun ce sati biyu sakamako zai fito sai da ya haura wata, ka kira ba a ɗauka, kuma rahoton kaf da Turkanci ne cike da lissafi, sai da na nemo wani ɗalibi ɗan Zinder ya zauna ya fassara min. Amma ramukan da suka huda sun cike su tsaf.

Abu ɗaya da ya kamata ƴan uwa su sani, ku tambaya tun farko gwajin sanin matsayi ne ko na hukuma, don na hukuma a ƙarƙashin doka mai lamba 6306 in aka ce ginin na da haɗari ana kai rahoton ofishin tapu ne, wato ofishin rajistar filaye da gidaje, daga nan sai tashi da rushewa. Namu na sanin matsayi ne. Na ba su huɗu cikin biyar, kuma mun riga mun fara neman wani gida.