Mulki da Tsoron Doka ko da Tarbiyya: Daular Qin da ta Han

Masarautar Qin a ƙasar Sin ta bi tafarkin tsantsar doka. Wajen 356 kafin haihuwar Annabi Isa, wazirin Qin, Shang Yang, ya kasa gidaje biyar-biyar da goma-goma: ɗaya ya yi laifi, sauran suka rufa masa asiri, hukunci ya hau kan kowa. Muƙami kuwa a fagen daga ake samunsa. Tsarin ya yi aiki, don a 221 sarkin Qin, Qin Shi Huang, ya haɗe ƙasar Sin. Illarsa ita ce ba sassauci. A 209 ruwan sama ya tsare wasu mutum 900 da aka tura gadin iyaka, kuma kamar yadda masanin tarihi Sima Qian ya ruwaito, hukuncin makara kisa ne. Tunda mutuwa ce ko ta ina, sai suka yi tawaye. Zuwa 206 daular ta rushe.

Daular Han, da ta gaji Qin, ta karkata ga koyarwar malamin falsafa Konfushiyas, wadda ta dogara da halin shugaba, ladabi da biyayya ga iyaye, har mutum ya ji kunyar aikata laifi. Sarki Wu na Han ya naɗa malamai masu koyar da manyan littattafai biyar na wannan koyarwa a 136, ya buɗe makarantar Taixue a 124 da ɗalibai 50. Larduna kuma suna gabatar da masu biyayya da riƙon amana don a ba su aiki. Nan ɓaraka ta shigo: hali ba ya aunuwa, sai manyan gidaje suka riƙa gabatar da 'ya'yan juna.

A ganina Han ta fi dabara, ta yi shekara kusan 400. Sai dai ba ta yar da dokokin Qin ba, gyara ta yi musu ta ci gaba da hukunci da su.