Hattara da Masu Tallar "Injin Beljiyam" na Fijo 504

Masu tsohuwar Fijo, don Allah ku karanta wannan kafin ku bari a ɗauke muku inji daga gareji.

Motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, 504 haɗin Kaduna, tun farkon shekarun 1980 take gidanmu. Da ita aka kai mu makaranta, da ita aka ɗauko amaryar yayanmu. Bara ta fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, in an zo hawa sai ta kama nishi. Tsohon bakaniken da ke duba ta tun zamanin Baba ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce: "Ɗana, ringin fistan ne da silif, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki. A sauke shi a gyara, amma ka ba ni mako uku." Na ga kamar mako uku ya yi yawa.

Ana cikin haka na ci karo da wani mai talla a Facebook, wai yana da injin 504 ɗan Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga Turai, bai taɓa shaƙar ƙurar Najeriya ba. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, inji yana ta aiki sumul, ba hayaƙi. Bakinsa kamar zuma: "Ranka ya daɗe, wa ke gyaran inji yanzu? Yau ka gyara, gobe ya buga." Sannan ya kawo tayin da ya kama ni, cewa zai karɓi tsohon injinmu ya rage mini kuɗi. Na tura rabin kuɗin. Bayan kwana biyu yaransa suka zo da inji fes, sai ƙyalli yake, suka ɗora, suka karɓi ciko, suka tafi da na Baba a bayan a-kori-kura.

Mako biyu motar na tafiya lafiya. Ranar da aka juye baƙin mai aka zuba sabo, ranar asiri ya tonu: ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, hayaƙi kuwa har ya fi na da. Da bakanike ya buɗe, sai ga shi man da suka zuba mai kauri ne irin na giyar mota, don ya danne ƙara ya ɓoye hayaƙi. An wanke injin da fetur an fesa masa fenti. Karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistan ke juyawa, an sha gurza shi har babu sauran abin gurzawa. Wurin lambar inji an goge shi da gurzau. Dattijon bai yi mini faɗa ba, kai kawai ya girgiza ya ce wannan injin ya gama wahalarsa a hanyoyinmu na nan. Na kira lambar mutumin, a kashe. Daga baya na ga bidiyon nan dai, shi ɗin, a wani shafi da wani suna.

Abin da ya fi yi mini ciwo, lissafi kaɗan da ya cece ni. Faransa ta fito da 504 a 1968, ta daina ƙera ƙaramar motar a 1983. Mu ne nan muka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006. Ke nan da yawa daga cikin injinan 504 da suka rage, a ƙasarmu suke yawo, wanda kuwa ya fito daga irin motar a Turai ya haura shekara 40. Duk mai ce maka yana da su jibge kamar sababbi, ka tambaye shi daga ina.

Kuma injin nan don a riƙa gyara shi aka yi shi. Silinda huɗu ne, kuma silif ɗinsa cirewa ake yi a sa sabo tare da fistan da ringi, ba sai an yi wa bulok ɗin, wato gangar jikin injin, komai ba. A canza metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, a auna karanshaf, a duba kan inji ko ya lanƙwashe, a sa sabon gaskit, shi ke nan ya dawo da ƙarfinsa. Sai in bulok ya tsage, ko inji ya buga har ƙarfe ya fasa gefensa, sannan maganar canji ta taso. Namu lafiyar bulok ɗinsa ƙalau, shi ya sa suka matsa sai sun tafi da shi.

In canjin ya zama dole, kada ka tura ko sisi a kan bidiyo. Ka je da bakanikenka, a tayar da injin a gabanku yana sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye aibi. Ku zare sandar awon mai ku murza shi a yatsa, ku kwance fulogi ku gani, a auna matsin kowace silinda. Lambar inji ta fito sarai, a rubuta ta a rasit tare da sharaɗin kwanakin gwaji. Injin da aka goge wa lamba yana iya zama na sata, kai za ka yi bayani a gaban 'yan sanda. Tsohon injinka kuwa ya zauna a gidanka ko da a ƙarƙashin buhu ne.

Na kai ƙara wurin hukuma da shaidar kuɗin da na tura. Injin Baba yana da alamar walda ƙarama a jikin kwanon mai, ta gefen direba, lambarsa kuma tana cikin takardun motar da ke hannuna. Duk wanda aka kawo wa irinsa da sabon fenti, don Allah ya yi mini magana.