HemoTypeSC: tsinken gwajin sikila na minti 10, da inda ƙarfinsa ya tsaya

HemoTypeSC tsinken gwaji ne mai kama da na gwajin ciki, kamfanin Silver Lake Research na jihar Kalifoniya a Amurka ke yin sa. Aikinsa ɗaya ne tak: ya nuna wane irin himogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) ke cikin jinin mutum tsakanin A, S da C. Ba ruwansa da lantarki, ba a ajiye shi a firij, kuma jinin da yake buƙata maikurolita 1.5 ne kawai, bai ma kai ɗigo guda ba. Don tantance mutane da yawa a wurin da babu ɗakin gwaje-gwaje, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma bai kai a yanke maganar aure a kansa shi kaɗai ba.

Haruffan nan biyu da ake rubuta wa mutum, AA ko AS ko SS, gado ne daga ɓangare biyu. Ƙwayar gadon da ke ƙera sarƙar beta ta himogulobin, wadda ake kira HBB, tana kan kuromosom na 11, kuma kowa yana ɗauke da guda biyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A nau'in S harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun DNA, GAG ya koma GTG, sai tubalin furotin mai suna balin ya zauna a gurbi na 6 na sarƙar maimakon gulutamik asid. A nau'in C, laisin ne ya zauna a wannan gurbin. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, domin A ɗin yana riƙe shi. Idan AS ya haɗu da AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na SS, kashi 50 na AS, kashi 25 na AA, irin rabon da Gregor Mendel ya wallafa a 1866 daga gwajinsa na waken fis. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai SS yau ba ta sayo wa 'ya'ya uku na gaba lafiya ba. Haka AS da AC na iya haifar SC, shi ma ciwo ne, kuma ya fi yawan taɓa ido. Ganin C ɗin nan babbar riba ce ta wannan tsinke.

Yin gwajin babu wuya. A ɗiga ɗigo 6 na ruwa mai tsabta a cikin 'yar kwalbar da ke zuwa tare da tsinken. A goge yatsa, ko diddige idan jariri ne, a bari ya bushe, a tsira. A taɓa jinin da farin kan sandar ɗibar jini har ya rine ja gaba ɗaya, a sa a ruwan a jujjuya kamar daƙiƙa 20, ruwan ya yi ja-ja. Sannan a tsoma tsinken, kibiyoyinsa na kallon ƙasa, a ba shi minti 10.

Wurin karatu ne ake yin ɓarna, domin tsinken yana aiki ne a juye. Duk wanda ya saba da gwajin maleriya ya san layi ya fito, cuta na nan. A nan kuwa akwai layin A, na S, na C, da layin tabbaci mai nuna gwajin ya yi aiki, kuma layin da ya ɓace cikin ukun farko shi ne amsar. Himogulobin ɗin da ke cikin jinin ne ke kame sinadarin launin, ya hana shi zama a kan layinsa. Saboda haka mai AA layin A ne ba zai fito ba, S da C su fito. Mai SS layin S ne zai ɓace. Mai AS zai rasa A da S, C kaɗai ya rage. Mai SC kuwa A kaɗai za a gani. Wanda ya karanta da tsohuwar al'ada zai ga layukan S da C ya rubuta wa mai AA cewa SC ne. Layi ko da dishi-dishi yake, layi ne, a duba shi cikin haske sosai. Idan layin tabbaci bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake da sabon tsinke. Wani gwajin mai suna Sickle SCAN na kamfanin BioMedomics ya fi shi sauƙi ta nan, don shi layin da ya fito ake karantawa, sai dai yana buƙatar jini maikurolita 5 da ruwan haɗinsa na musamman.

HemoTypeSC ya yi wa tsohon gwajin narkewa, wanda ake zuba jini a sinadari a ga ko zai gurɓata, fintinkau. Wancan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya ganin C, kuma ba a dogara da shi ga jariri saboda yawan himogulobin F, irin wanda jariri ke zuwa da shi daga ciki. HemoTypeSC bai damu da F ba, ana iya gwada jariri tun kwanakin farko.

Rauninsa na asali shi ne furotin yake gani, ba ƙwayar gado ba, kuma ba ya auna yawa. Wanda aka yi wa ƙarin jini, jinin wani na yawo a jikinsa, kuma jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kusan kwana 120. Mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai fito AS, don haka a jira aƙalla wata 3. Sai matsalar beta talasimiya, wata cutar gado da ke rage ƙera sarƙar beta. Mai ɗauke da ita zai fito AA sumul, alhali idan ya haihu da mai AS ɗansu na iya samun S da talasimiya tare, ciwon sikila sosai. Irin wannan yaro kuma, idan jikinsa na yin A kaɗan, tsinken na iya nuna shi AS. Nau'o'in D da E da O ma ba a yi shi don gane su ba.

Duk sakamakon SS, SC ko CC a tabbatar da shi a ɗakin gwaje-gwaje da na'urar HPLC ko ilektoroforesis, masu rarrabe nau'o'in himogulobin. Haka mai AS da ke fama da ciwon ƙashi ko ƙarancin jini. Masu shirin aure kuwa, idan ɗaya ya fito AS ɗayan AA, mai AA ɗin ya ƙara da cikakken ƙidayar jini. Idan MCV, wato ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza 80, a auna masa HbA2, nau'in himogulobin da ke ƙaruwa ga mai ɗauke da beta talasimiya.