Ajin kiɗan tsirkiya na manya a Bauchi: abin da na samu da abin da ya rage a gyara

Duk wanda ya tambaye ni ko ajin kiɗan tsirkiya da ake yi wa manya ranar Asabar a wajen Yelwa ya ci kuɗinsa, amsata e ce, amma akwai sharuɗɗa. Na shiga ajin bayan na haura shekara hamsin, ban taɓa riƙe wani abin kiɗa ba kafin nan, kuma na yi damina da rani a ciki, don haka na ga yadda yake tafiya a kowane yanayi.

Ana haɗuwa a ɗakin taron wata makaranta bayan la'asar, a tashi kafin magariba. An zaɓi Asabar ne saboda akwai Musulmi akwai Kirista a cikinmu, Juma'a ta wasu ce, Lahadi ta wasu. Da azumi ana dakatawa, haka ma makon Kirsimeti. Akwai ma'aikaciyar jinya, da malaman makaranta, da tela, da 'yan fansho, da wasu mata da suka saba waƙa a zumuntar mata ta coci. Ban da malamin, babu ƙwararre ko ɗaya. Kuɗin wata ana biya, bai kai abin da nake zubawa a katin waya da data ba, kuma a cikinsa har da aron abin kiɗa ga sabon shiga.

Kayan iri uku ne: biyolin, wato gogen Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa, da biyola wadda ta ɗan fi shi girma da kaurin murya, da celo da ake zama a kafa shi tsakanin gwiwoyi. Na huɗunsu, babban bes, ba mu da shi. Tsayinsa ya kai na namiji baligi, Keke Napep ba ta ɗaukarsa, kuma rashinsa yana sa kiɗanmu ya rasa nauyi daga ƙasa. Mai kunne zai ji wannan giɓin.

Wanda ya tashi yana jin gogen Garba Liyo a rediyo zai zaci ya san dawan garin. Lallai akwai dangantaka. Izgar biyolin gashin doki ce kamar ta goge, ana shafa mata ƙaro don ta kama tsirkiya, akwai jakin da tsirkiya ke hawa, kuma a duka biyun babu wata alama da ke nuna maka inda za ka sa yatsa, kunnenka ne jagora. Amma goge tsirkiya ɗaya ce ta tsagiya a kan ƙwarya mai fatar guza, kuma mai goge taɓa ta yake yi da yatsu ba tare da ya danne ta ta kai ga sanda ba. Biyolin tsirkiya huɗu ne, kowace da sunan sautinta, G da D da A da E, ana danne kowace a kan allon baƙin katako har fatar yatsa ta yi kanta. Biyola da celo kuwa C da G da D da A ne. Kafin a fara komai sai kowa ya saita tsirkiyarsa ta A da sauti ɗaya, wanda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Da farko manhajar waya ke yi mana wannan aikin. Daga baya malamin ya hana, ya ce a karɓi sautin daga bakin mai jagorantar layin gaba, kuma na ga amfanin hanin, domin daga nan kunne ke fara aiki.

Abin da ya sa na ce ajin ya ci kuɗinsa ba darasin ba ne shi kaɗai. Darasi yana nan birjik a YouTube kyauta. Abin da kake saye da kuɗinka shi ne kujera a tsakiyar mutane. Babba mai iyali, idan shi kaɗai yake koyo a ɗaki, sautin da zai riƙa fitarwa a watannin farko ya isa ya sa ya ajiye abin a saman sif ya manta da shi. A cikin taro kuwa, ana ba ka kashi mai sauƙi, wani lokaci sauti biyu ko uku kacal kake maimaitawa, amma da masu celo suka ɗauko nasu daga ƙasa, 'yan layin gaba suka ɗora waƙar a sama, sai ka ji ɗan abin da kake yi ya zauna daram a cikin kiɗa na gaske. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni, tsigar jikina ta tashi. Kuma sanin cewa abokin zamanka zai ga kujerarka babu kowa idan ba ka zo ba, shi ke tashe ka daga barcin yammacin Asabar.

A nan ne kuma wahalar take, kuma ina so in daɗe a kanta don babu wanda ya gaya mini kafin in shiga. Mu a waƙarmu, jagora ke bayarwa, 'yan amshi su karɓa, kowa a kan hanya ɗaya. Da haka kunnenmu ya girma. A wannan kiɗan kuwa hanyoyi huɗu ke tafiya lokaci guda: biyolin na ɗaya, biyolin na biyu, biyola, celo, kowanne da tasa, kuma daɗin yana cikin haɗuwarsu. Sabon shiga yawanci a biyolin na biyu ake sa shi. To abin da ke faruwa da kusan kowa shi ne, da zarar 'yan gaba sun ɗauki waƙar da ka sani, sai yatsunka su saki naka kashin su bi nasu ba tare da ka sani ba. Matan zumunta ba su sha wannan wahalar sosai ba, don sun saba rera murya ta biyu da ta uku a ƙungiyar mawaƙan coci. Sauranmu kuwa sai da aka ɗauki watanni. Akwai kuma ƙidayar shiru: takarda za ta ce ka dakata na wani adadi, kana ƙirgawa a zuci, idonka ɗaya a kan hannun malami, sannan ka shigo daidai gaɓar. Wanda ya shigo da wuri ya ɓata wa layinsa duka. Har izga ma tare take tafiya, idan layinku na jan ta ƙasa kai ma ƙasa, kuma da fensir ake rubuta alamar a takarda don ana iya canzawa.

Malamin saurayi ne, sa'an ɗana na fari. Baba yake ce mini, ni kuma Malam nake ce masa, don a ɗakin nan shi ne malam. Yabon da zan yi masa shi ne ya iya gyara babba ba tare da ya kunyata shi ba. Ba ya kiran sunan mutum a gaban jama'a ya ce kai ne ka kauce. Sai ya ce layin na biyu su sake, ya zo ya tsaya kusa da kai yana kaɗawa a hankali har ka dawo hanya. Wata rana da na yi masa kukan wuya da kafaɗa, sai ya ce, "Baba, maƙale shi kake yi da haɓa kamar zai gudu. Bar nauyin kanka kawai ya riƙe shi." Ya daidaita mini matashin kafaɗar, ciwon ya ragu ƙwarai. Shi ne kuma ya lura cewa mayafi da hijabi suna sa biyolin zamewa, ya kawo wa matan ɗan ƙyallen fata da ake ɗorawa a kafaɗa. Mu maza ya roƙe mu mu bar babbar riga a gida, hannunta yana kama izga. Farcen hagu kuma dole a yanke shi ƙasa sosai.

Inda ban gamsu da shi ba shi ne karatun takardar kiɗa. Yana saurin wucewa, don shi tun yana yaro ya iya, ya manta cewa ga mai shekara hamsin da tabarau, layuka biyar ɗin nan da ɗigogin da ke kansu sabon karatu ne ɗungurungum. Ya kamata a ware rabin awa don wannan kaɗai.

Babbar matsalar ajin kuwa hunturu ce, kuma masu shi ba su shirya mata ba. Waɗannan kayan katako ne siriri, an haɗa shi da gam na fatar dabba, kuma masu ƙera su suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A tsakiyar hunturun Bauchi yakan sauko ƙasa da kashi 20. Katako ya tsuke, 'yan sandunan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya su saki, ka buɗe akwati ka tarar duk tsirkiyoyin sun yi laƙwas. Gashin izga ya ɗaure tamau. Wani lokaci gefen abin ya buɗe, wanda shi da sauƙi, don gam ɗin dama an yi shi ne ya saki kafin katako ya tsage. A watan Janairu sulusin lokacin aji a wajen saiti yake tafiya. Ɗaya daga cikin celon aro ya buɗe ta gefe, aka kai wa wani kafinta, ya cika wurin da supa gulu. Daga nan muryarsa ta mutu, kuma mai gyara na gaskiya ma yanzu zai sha wahala kafin ya raba shi. Na ji zafin wannan, don magani mai arha ne ya kamata a koya mana tun ranar farko: a jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a cikin kwanon sabulu mai huji, a ajiye a cikin akwatin a rufe. A sassauta izga bayan an gama. A goge ƙura da garin ƙaro da tsumma mai laushi. Kada a bar abin a cikin mota a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu. Idan za a canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya ake yi, domin a cikin cikinsa akwai wani ɗan itace a tsaye wanda matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi, ba gam ba. Aka sake su duka lokaci guda yana iya faɗuwa, kuma tayar da shi sai mai kayan aiki.

Wannan ya kawo ni ga rashin mai gyara. A Legas akwai MUSON, wata cibiyar raya kiɗa, tun 1983, da makarantarta da ƙungiyar makaɗanta, kuma inda irin wannan yake masu gyara da masu sayar da kaya ba sa nisa. Mu a nan, tsirkiyar E, wadda ita ce siririya mai saurin tsinkewa, sai an yi saƙo Jos ko a yi oda ta intanet a jira. Ba laifin masu ajin ba ne, amma da za su riƙa sayo tsirkiya da ƙaro da yawa su ajiye suna sayar mana, da mutum bai rasa aji biyu ko uku a kan abu kaɗan ba.

Sai cakuɗa sabbi da tsofaffi a zama ɗaya. Duk lokacin da aka karɓi sababbin mutane, sai a koma baya, waɗanda suka daɗe su fara gajiya, wasu su fara zuwa a makare. Mun yi asarar mai biyola mafi iyawa ta wannan hanyar, alhali dama masu biyola ne suka fi ƙaranci.

Game da abin da muke kaɗawa, akwai gajerun kiɗe-kiɗen Turai masu sauƙi, da waƙoƙin coci, da taken ƙasa, wanda sai da muka sake koyo bayan an dawo da tsohon a watan Mayun 2024. Ina jin daɗinsu. Amma ina ganin an yi wa namu rowa. Sau ɗaya Malam ya rubuta mana wata waƙar gaɗa a kashi huɗu, kuma ba mu taɓa kaɗa wani abu da rai kamar ranar ba, har mai gadin makarantar ya leƙo. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, suna da sauƙin kamawa ga yatsun sabon shiga. Ƙasar da ta fitar da kuntigin Ɗan Maraya Jos da gurmin Haruna Uji ba ta rasa abin da za a ɗora a kan tsirkiya ba. Na faɗa masa, ya ce rubutawar ke cin lokaci, kuma na yarda, sai dai da za a ƙara mana ɗan kuɗi a kan wannan aikin, ni zan biya.

Akwai maganar mutane, ba zan ɓoye ta ba. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma goge musamman an daɗe ana danganta shi da bori da zaman banza. Magidanci ya fito da akwatin biyolin a unguwa, za a kalle shi. Malamai ma sun yi magana a kan kayan kiɗa, wannan kuwa kowa ya koma ga malaminsa da zuciyarsa. Abin da zan iya shaida a kai shi ne ɗakin da nake shiga: mutane ne masu mutunci, ba roƙo, ba liƙi, ana tashi a kan lokacin salla.

Ga mai niyyar shiga, kada ka sayi biyolin tukuna. Masu arhar da ake tallatawa a intanet sau da yawa jakinsu ba a fere shi daidai ba, tsirkiya ta yi nisa da allo, yatsa ya yi ta ciwo a banza. Yi amfani da na aro har Malam ya duba maka wanda za ka saya, kuma na manya cikakken girma ake nema, wanda ake rubuta wa 4/4. Nemi ɗan robar da ake ɗorawa a kan jaki ya rage ƙara saboda iyali da maƙwabta. Idan ba za ka iya ware ko minti goma sha biyar kullum a gida ba, ka dakata har ka samu sarari, don zaman Asabar kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, kuma layinka ne zai ɗauki nauyinka.

Ni dai na sake biya, kuma na amsa roƙon Malam na komawa biyola, ko da yake takardarta da wani mabuɗi daban ake rubuta ta, wato alamar farkon layi da ke nuna sautin kowane ɗigo, sai na sake zaman karatu. Abu biyu na rubuta wa masu ajin nake jiran amsa: a raba sababbi da tsofaffi ko da na awar farko ne, kuma a sa soso a kowane akwatin aro kafin Nuwamba.