Wasan awa 2 a minti 40: a sassaƙe shi ko a datse?

Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki: wasan da ɗalibanki za su yi ranar rabon kyaututtuka, da kuka karanta shi a aji ya ci awa 2, shugaban makaranta kuma minti 40 ya ba ku. Kina so ki san wanne ya fi, ki bi kowace fitowa kina rage maganganu kaɗan-kaɗan, wato sassaƙa, ko ki cire wasu fitowar ɗungurungum, wato datsewa.

Duka biyun ana yi, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba. Fara da lissafi tukuna. Daga minti 120 zuwa 40, kashi 2 cikin 3 na wasan ne zai tafi. Sassaƙa ita kaɗai ba za ta kai ki can ba. A ganina, in kika matsa mata ƙwarai, ta ba ki kwata na tsawon wasan, daga nan kuma duk abin da kika cire nama ne, ba kitse ba.

Bari in fara da sassaƙar, don ita ce kowa ke ruga wa, saboda ba ta ɓata wa kowa rai. Labari yana nan yadda marubuci ya tsara shi, kowane yaro yana da rawar da zai taka, ba uwar da za ta zo daga Rigasa ko Kawo ta zauna a rana ta tarar an cire ɗanta. Kuma gaskiya wasanninmu na Hausa akwai abin sassaƙa a cikinsu. Gaisuwa kawai ta isa. Dubi wannan, na ƙirƙira ne don misali:

Dillaliya: Salamu alaikum, masu gida.
Uwargida: Maraba, maraba. Ina wuni?
Dillaliya: Lafiya lau. Ina gajiya?
Uwargida: Ba gajiya. Ya yara?
Dillaliya: Suna nan ƙalau. Ya maigidan?
Uwargida: Ya fita kasuwa tun safe.
Dillaliya: Kasuwa? Uhm. To, Allah ya sa kasuwar ce.
Uwargida: Me kike nufi?
Dillaliya: Ni? Ba ruwana. Na dai ga mota irin tasa a Unguwar Sanusi, ƙofar gidan da aka kai akwatuna jiya.

Mai sassaƙa da hankali zai bar sallama, ya bar "Maraba", ya tsallake gajiya da yara, ya faɗa kan "Ya maigidan?" Layi 3 sun tafi, ba wanda ya ji an taɓa komai. Amma wanda aka ce wa dole sai ya fitar da kashi 2 cikin 3 daga nan, me zai rage masa? Dillaliya ta shigo ta ce, "Mijinki zai ƙara aure." Labari ya isa, i, amma an kashe dillaliyar. Wannan "Uhm" ɗin da "Ni? Ba ruwana" su ne abin da mata za su yi shewa a kai, su ne kuma dalilin da yarinyar da ke taka rawar ta so ta tun farko. Habaici da karin magana da kewaye-kewaye ba ƙawa ba ce a wasan Hausa, su ne halin mutanen da ke kan dandamali. In aka tsince su duka, sai wasa ya koma kamar ana karanto kanun labarai, kowa ya shigo ya ba da rahoto ya fita.

Akwai wani abu kuma da sassaƙa ba ta taɓawa ko kaɗan: lokacin da ke tafiya tsakanin fitowa da fitowa. In wasan yana da fitowa 14, to sau 13 za a ja labule, a fitar da tabarma, a shigo da teburin alƙali, a jira wadda ke sauya zani a bayan allo. Ki ba kowane sauyi minti 1 kacal, kin ga minti 13 sun tafi daga cikin 40 ɗinki ba a ce uffan ba. Ko da kin mayar da kowace fitowa rabi, wannan asarar tana nan daram.

Datsewa ita ce ke maganin wannan. Ki ɗauki takarda ɗaya, ki rubuta kowace fitowa a layi guda: wa ya shigo, me yake so, me ya canza kafin ya fita. Za ki ga wasu layukan kin kasa cike gurbi na uku, don ba abin da ya canza. Za ki kuma ga labarin ba igiya ɗaya ba ce. Akwai babban jigo, ga kuma wani ƙaramin labari yana tafiya a gefe, na ƙanin maigida da bashinsa, ko na ɗan aike da budurwarsa. Wannan na gefen shi ake ɗagawa baki ɗaya, da mutanensa da wurarensa da kayansa. Abin da ya rage sai ya samu sarari ya numfasa, dillaliya ta yi "Uhm" ɗinta a tsanake.

Ba mu muka fara ba. Hamlet shi ne mafi tsawo a wasannin Shakespeare, layi wajen 4,000, in aka yi shi cikakke yana cin awa 4, shi ya sa da wuya a ga an yi shi ba ragi. Da Laurence Olivier ya mayar da shi fim a 1948, bai tsaya tsintar layuka kaɗai ba, ya cire mutum 3 sukutum: Rosencrantz da Guildenstern da Fortinbras. Da tafiyar Fortinbras, yariman Norway, zancen yaƙi da siyasar ƙasa da ƙasa ya ja baya, labarin ya koma na cikin gida, na ɗa da uwa da baffa. Kenneth Branagh kuwa a 1996 ya ƙi cire komai, fim ɗinsa ya kai awa 4. Abin lura a nan shi ne, datsewa ba rage tsawo kawai take yi ba, tana sauya abin da wasan ke faɗa. Don haka kafin ki ɗora almakashi ki tsayar da magana da kanki: wasan nan, a bakina, a kan me yake? In a kan auren dole ne, duk abin da bai taɓa yarinyar da iyayenta ba yana iya tafiya. In a kan kwaɗayin uba ne, to wata fitowar da kika raina, ta kasuwa, ita ce ba za a taɓa ba.

Illarta kuwa ramuka. Marubuci yakan binne abu a fitowa ta 3 don ya tono shi a ta 11. A ce a fitowar da kika cire ne uwargida ta ba maƙwabciya ajiyar kuɗin adashi. Can gaban alƙali sai a ji ana rantsuwa a kan kuɗin da 'yan kallo ba su taɓa jin labarinsu ba, ki ga ana waige-waige ana tambayar juna. Saboda haka bayan kin datse, sai ki bi wasan daga ƙarshe zuwa farko, duk suna ko kaya ko alkawarin da aka ambata ki tambayi kanki ina aka fara jin sa. Toshe ramin ba wuya: layi ɗaya a bakin wani ya isa, "Ai kuɗin adashina na wurinta tun kafin azumi." Ko a haɗa mutum biyu su zama ɗaya, maƙwabciya da dillaliya su koma mace guda, abin da sau da yawa ma yakan ƙara wa rawar armashi. Ko a tsayar da mai ba da labari a gefe ya haɗa tsakani da jimla biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo aka buga a 1975, tun asali a kan haka aka gina shi: malami ne zaune yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Sai dai a yi hattara, mai ba da labari gada ce. In ya fi 'yan wasa magana, an koma tatsuniya.

Ga wani bambancin da ya shafe ki kai tsaye, tunda kin ce yara sun riga sun fara hadda. Yaro ba layinsa kaɗai yake haddacewa ba, yana riƙe da kalmar ƙarshe ta abokin maganarsa, ita ce ke gaya masa lokacinsa ya yi. In kika sassaƙe tsakiyar fitowar da suka riga suka iya, kin rushe musu waɗannan alamomin. Ranar wasa, da tsoro ya kama su, bakinsu tsohon rubutu zai koma, ɗaya ya jefo layin da aka cire, ɗayar ta tsaya tana kallonsa. Datsewa ba ta da wannan matsalar: fitowar da ta rage tana nan yadda suka san ta, wadda ta tafi kuma ta tafi. Shi ya sa in lokaci ya ƙure, datsewa ta fi aminci nesa ba kusa ba. In kuma dole ne a sassaƙa, a cire daga farkon fitowa da ƙarshenta, ko daga tsakiyar doguwar maganar mutum ɗaya, a bar masa jimlarsa ta farko da ta ƙarshe. Kuma a sake buga takardun sabo fil, a karɓe tsofaffin. Kada a bar yaro da takarda mai zane-zanen jan biro, idonsa zai ci gaba da karanta abin da aka soke.

Sai ki duba asalin wasan. Wasu daga cikin rubutattun wasanninmu a rediyo suka fara, a nan Kaduna ma kuwa. Na Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, an ji su a rediyo kafin su zama littafi a wajajen 1959 da 1960. Wasan da aka yi don kunne dole ya faɗi abin da ido ba ya gani: "Ga shi can tafe da sanda," "Af, kuka kike yi?" A kan dandamali ana ganin sandar, ana ganin hawayen. In naki irin wannan ne, sassaƙa za ta ba ki fiye da yadda na ce a sama, kuma ba tare da asarar komai ba.

To, me za a fara cirewa? A nan ne nake saɓa wa malamai da yawa. Hannu yakan fara kai wa fitowar barkwanci, wai ba ta ciyar da labari gaba, a bar doguwar nasihar da mai unguwa ko alƙali zai yi a ƙarshe, wai ita ce darasi. Ni na fi son akasin haka. Mutanen da suka sha jawabai tun hantsi, ga zafi, ga ƙarar janareta, dariyar nan ita ce ke riƙe su a kujera. A bar fitowar barkwanci guda mai kyau, a sa ta wajen tsakiya. Nasihar kuwa, in wasan ya yi aikinsa, iyaye sun riga sun gane tun kafin mai unguwa ya gyara rawani. Jimla biyu sun ishe shi. Abin kamar kai wa telan Kasuwar Barci rigar gwanjo ce da ta yi yawa: zai rage tsawo, ya cire aljihun da ba a buƙata, amma ba zai taɓa wuya da aikin da aka sayi rigar dominsa ba.

Tsarin da zan ba ki ke nan: datsa da farko, har wasan ya sauko wajen minti 45, da wurare 2 ko 3 kacal don sauyin kaya ya ragu. Sannan sassaƙa ta kawo shi 35. Na ce 35, ba 40 ba, da gangan. Dariya tana cin lokaci, makirufo ɗaya da ake miƙa wa juna yana ci, kuma ƙarin magana gado ne a wurin yaranmu. Sun taso suna jin labarin su Samanja da Ƙasimu Yero, ga kuma 'yan barkwancin waya na yanzu, da zarar yaro ya ji an yi masa tafi sai ya ƙaro nasa daga ka. Awon kuma kada a yi shi a zaune ana karatu. A tashi tsaye, a shiga a fita, a ɗauki tabarma a ajiye, wani na riƙe da agogon waya yana rubuta mintin kowace fitowa daban. Ki kuma ware fitowa ɗaya a ranki wadda za a iya tsallakewa nan take ba tare da labari ya karye ba, ki sanar da yaran tun a gwaji. Babban baƙo yakan makara, kuma da an kira La'asar rabin rumfa za ta tashi.

Yaran da aka cire rawarsu kada a sallame su. Akwai 'yan kasuwa, 'yan rakiyar amarya, masu zaman kotu, mai jan labule, mai tuna wa 'yan wasa layi daga bayan allo. A gaya musu da wuri, ke da kanki, kafin su ji a bakin abokai.

Saura batun mai wasan. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar wa marubuci ikon nuna aikinsa a bainar jama'a da ikon sauya masa fasali, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shakespeare ya rasu tun 1616, nasa ba mai tambayar ki, amma fassarar Hausa ta aikinsa tana da nata mai haƙƙin daban. In marubucin naku yana raye kuma ana iya samun sa, a kira shi a gaya masa. Wani ma shi zai nuna miki fitowar da ya san ta yi yawa. A takardar shirin taro kuma a rubuta sunansa, a ƙara da cewa an taƙaita.

In kin rubuta jerin fitowar nan layi-layi, turo shi mu duba tare, da mintin da kowace ta ci.