Na kusa sayen sabon batir, ashe tsatsa ce ta hana tarakta tashi

Tun farkon damina taraktarmu ta tsiro da wani hali. Ka murɗa makulli, sai ka ji "ƙas-ƙas", kik, wato na'urar da ke tayar da inji, ya ƙi juyawa, fitilu su dushe. Washegari kuma ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Sau biyu ina kai batir caji. Har na fara tambayar kuɗin sabo, sai direbanmu ya ce a kira wani mai gyaran wayar mota, waɗanda ake ce wa rewaya, kafin in zubar da kuɗi.

Bari in fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Ya ce zai zo da hantsi, bai iso ba sai bayan la'asar, ga masu gona sun zuba ido suna jiran huɗa.

Amma aiki kam ya san shi. Ya ɗora mita a kan batir, ta nuna ƙarfin wuta bolt 12.6. Ya ce, "Alhaji, batirinka ba shi da laifi." Sai ya ɗora tsinke ɗaya na mitar a kan negetib, wato kan batir na baƙar waya, ɗayan a jikin inji, ya ce direba ya murɗa. Kusan bolt 2 ke ɓacewa a wannan ɗan tsakanin, alhali bai kamata asarar ta wuce 0.2 ko 0.3 ba. A nan na fahimci cewa wuta tana fita ne ta jar waya, amma hanyar komawarta batir ta jikin ƙarfen inji take bi, sannan baƙar waya. Kik kuwa wuta mai yawa, ɗaruruwan amfiya, yake ja lokaci guda, don haka 'yar tsatsa kaɗan ta isa ta shaƙe shi.

Da ya kwance notin da ya riƙe baƙar wayar, sai ga tsatsa ja-wur, haɗe da laka da tsohon fenti. Bakin wayar ya yi kore, silin tagullar har sun fara tsinkewa. Ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya wanke kan batir da ruwan kanwa, ya sa sabuwar waya mai kauri, ya ɗaure tamau, sannan ya shafa giris a sama saboda ruwa. Na lura negetib ya fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, don kada sifana ta taɓa bodi wuta ta tashi.

Murɗawa ɗaya ta kama. Kuɗin waya da na aikinsa duka ba su kai rubu'in kuɗin batir ba. Zan sake kiransa, sai dai tun ana gobe zan buga masa waya.