Wankin tankin Fijo 504: abin da na gani a garejin unguwarmu

Fijo 504 ɗin da na gada wajen Baba, haɗin Kaduna, ta ɗauki wani hali. Ina kan hanyar Zariya sai ta fara shaƙewa ta mutu, in huta minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Sau biyu aka wanke mini kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya ba inji, kuɗi suka tafi a banza. Sai wani dattijon bakanike a bayan layinmu ya ce, "Alhaji, ciwon ba a gaba yake ba. A sauke tanki."

Abin da ya burge ni, bai taɓa komai ba sai da ya nuna mini. Ya kwance wani faifai daga jikin tankin, ya zaro siririn ƙarfe mai ɗan gwangwani a bakinsa. Shi ne ke yawo a saman fetur. Yana hawa yana sauka, yana goga wata waya, allurar geji mai nuna yawan mai kuma tana bin sa. Nawa ya huje ya sha mai ya nutse. Ashe shi ya sa allurata ke kwance ko na cika tanki! Na daɗe ina zargin gidajen mai, Allah Ya yafe mini.

Sai bututun da ke zuƙo mai, wanda bakinsa ke kusa da gindin tanki. Famfon kuwa yana can jikin inji, ba cikin tanki ba kamar na motocin yanzu. Ragar bakin bututun ta toshe da tsatsa. In mota na gudu, tsatsar ta manne; in an kashe, ta zube. Da ya tuntsurar da tankin, jan ruwa ne ya fito kamar kunun kanwa, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya yana cin ƙarfe. Ya ce in rage barin tanki wayam, in kuma yi hankali da man 'yan bumburutu.

Yaransa suka zuba tsakuwa suka yi ta girgizawa. Wata 'yar huda a jikin tankin kuma bai yarda a kai mata wutar walda ba sai da aka wanke tankin aka cika shi da ruwa.

Inda ya ɓata mini rai: ya ce gobe, sai da aka kwana uku, kuma fetur ɗin da suka tsiyaye ban ƙara jin labarinsa ba. Duk da haka zan koma. Na je Zariya sau huɗu tun daga nan, ko tari ba ta yi ba.